Cokalin Farko: Nasiha ga Masu Goyo da Kakanni

'Ya'yana masu goyo, da ku 'yan'uwana kakanni da ke zaune da su tun daga ɗakin jego, ku ba ni aron hankalinku. Na yi aikin jinya a ɗakin yara har ƙarfi ya ƙare, na raini nawa na raini na wasu, kuma akwai wani tsoro da nake gani yana shigowa gidajenmu a shekarun nan wanda ban san shi ba a ƙuruciyata. Yarinya za ta haihu, yaro ya kai wata takwas, ya fara rarrafe, har ya kama miƙewa, ba a taɓa ɗanɗana masa gyaɗa ba, balle ƙwai ko kifi. In aka tambaye ta sai ta ce ta gani a waya cewa irin waɗannan suna tayar wa yara borin jini, gara a bari sai ya yi ƙwari. Ba na shakkar kyakkyawar niyyarta. Amma jiran nan shi ne yake ƙara kusantar da yaron ga abin da take gudar masa, kuma likitocin da suka fara cewa a jira su ne suka dawo da bakinsu suka ce a daina.

Bari in bayyana ciwon tukuna, don ana yawan haɗa shi da wasu abubuwa. Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam garkuwa mai yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin wasu yara garkuwar nan takan ruɗe, ta ɗauki lafiyayyen abinci tamkar cuta, duk sanda ya shigo sai ta tayar da ƙura. Abin ba ya jinkiri. Daga 'yan mintoci zuwa awa biyu bayan an ci, fata za ta yi rudu-rudu, yaro ya kama susa, leɓe ko fatar ido su kumbura, wani kuma ya yi ta kwara amai. Mafi muni shi ne wanda ya taɓa numfashi, zan zo kansa. Abincin da suka fi jawo wannan ba su da yawa: madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, ƙwallon yazawa da danginsa, kifi, jatan lande, alkama, waken suya da riɗi. Duk cikinsu babu baƙo a madafinmu, kuma su ne masu gina jikin yaro. Shi ya sa hana su ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da tamowa ke cin yara. Gudawar da yaro ya ɗauko daga gurɓataccen ruwa daban take. Haka ma babban mutum da cikinsa ke ƙugi in ya sha madara, wannan gazawar hanji ce wajen narkar da sukarin madara, ba ruwan garkuwar jiki a ciki.

Daga ina maganar jira ta samo asali? A 1998 hukumomin lafiya na Ingila suka shawarci iyalan da ke da gadon irin wannan ciwo da su nisanta ƙananan yara da gyaɗa. A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce yaron da ake jin tsoro a kansa kada a ba shi madarar shanu sai ya shekara 1, ƙwai sai shekara 2, gyaɗa da kifi sai shekara 3. Iyaye suka bi sau da ƙafa, har waɗanda ba a yi maganar dominsu ba. Ciwon bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. A 2008 ƙungiyar ta janye shawarar. Sai dai maganar da ta riga ta shiga littattafai da intanet ba ta janyuwa da sauƙi, ita ce har yau take yawo a wayoyin 'ya'yanmu, ana turawa daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan kamar sabon ilimi.

Wanda ya warware zancen wani likita ne a Landan mai suna Gideon Lack, tare da abokan aikinsa. Sun lura cewa 'ya'yan Yahudawan da ke Ingila suna fama da rashin jituwa da gyaɗa fiye da 'yan'uwansu da ke Isra'ila, alhali tsatso ɗaya ne. Da suka bincika yara sama da 10,000 a ƙasashen biyu, suka fitar da sakamako a 2008: na Ingila sun ninka na Isra'ila wajen sau 10. Bambancin da suka gano a cikin abincin jarirai yake. A Isra'ila akwai wani abin taɓawa da ake kira Bamba, na masara da gyaɗa, mai narkewa a baki, ana miƙa wa jarirai tun kafin su shekara. A Ingila kuwa a lokacin ana ɓoye musu gyaɗar. Daga nan suka shirya gwaji na sosai. Suka ɗauki jarirai 640 masu wata 4 zuwa 11, dukkansu waɗanda ake ji wa tsoro ne, masu ciwon fata mai tsanani ko waɗanda ƙwai ya riga ya ƙi karɓarsu. Aka raba su biyu, rabi ana ba su gyaɗa a kai a kai, rabi an hana su, har suka shekara 5. Sakamakon ya fito a 2015. Cikin waɗanda aka hana, kusan 17 cikin 100 sun kamu. Cikin waɗanda aka ba, kusan 3 ne cikin 100. Aka ci gaba da bin yaran har suka kai shekarun balaga, rahoton 2024 ya nuna kariyar tana nan, ko ga waɗanda daga baya ba su damu da cin gyaɗar ba.

Ranar da wannan labari ya iso kunnena, kunun gyaɗar iyayenmu na tuna. A gidan da na tashi, da hantsi za a zuba gyaɗa a kasko a soya ta sama-sama, a juye a faifai, a murje da tafin hannu har jan ɓawon ya saki, a sheƙe. A daka ta ko a kai niƙa, a dama da ruwa a tace, ruwan ya fito fari sol. In ya tafasa a zuba ƙullun shinkafa ko na gero ana juyawa, a ƙarshe a ɗiga ruwan tsamiya ya kama jikinsa. Uwa tana sha da ludayi, yaron da ke cinyarta yana miƙa hannu, sai ta hura ta sa masa a baki. Babu wadda ta san sunan wani bincike. Tamu ƙasa ce ta gyaɗa, ƙasar da aka tara buhunanta dala-dala a Kano har ana zuwa kallo daga ƙasashen waje, kuma yaro yakan san ɗanɗanonta kafin ya san sunanta. Ku tuna kuma da abin da ake ceto masu tamowa da shi a yau. Wannan 'yar leda ta Plumpy'Nut da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, wadda ta yi suna a yunwar 2005 a yankin Maraɗi, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da sukari da mai, ana ba yara tun daga wata 6. Ni a nawa ganin, abin takaici ne a ce jikokin manoman gyaɗa ne za su koma tsoron ba 'ya'yansu ita, a daidai lokacin da waɗanda suka koya mana tsoron suke kiran mutanensu su dawo kan abin da muke yi tun kaka da kakanni.

Kada dai wata ta ji wannan ta ɗauko kunu ta ɗura wa ɗan wata biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2, adadin da mu Musulmi muka riga muka sani daga Alƙur'ani. A wurinmu wannan ƙa'ida ta fi nauyi fiye da a Turai, domin gudawar da ke zuwa ta ruwa da kwano marar tsabta ta fi borin jini kashe jarirai nesa ba kusa ba. To amma in wata 6 ya cika, yaro yana riƙe wuyansa, yana zama in an tokare shi, yana bin loma da ido yana buɗe baki, lokaci ya yi. Daga nan zuwa cikar shekara ya kamata a ce ya ɗanɗani duk waɗancan abinci da na lissafa, ɗaya bayan ɗaya. Kada a tsaya kan farin koko kullum, safe da yamma, yaro yana cika ciki jiki yana ramewa.

Akwai yaron da na ware. Wanda fatarsa ta lalace ƙwarai tun yana ɗan wata biyu ko uku, kumatu sun yi ja sun bushe suna tsagewa, yana goga fuska a zanin uwa ba ya barci, ko wanda aka taɓa ba wani abinci ya kumbura, wannan a kai shi ga likitan yara tun yana wata 4, kada a jira. Ƙa'idar da Amurka ta fitar a 2017 ta ce mai ciwon fata mai tsanani ko wanda ƙwai ya ƙi karɓa ne ya fi bukatar a fara masa gyaɗa da wuri, tsakanin wata 4 zuwa 6, amma bayan likita ya duba shi, wani lokaci ma a gaban likitan za a ba shi cokalin farko.

Ga sauran yara, ga yadda nake koya wa nawa. A zaɓi ranar da yaro yake lafiya lau, ba zazzaɓi, ba mura, ba gudawa. A yi da safe, a gida, ranar da uwa ba ta da unguwa, domin ido ya kasance a kansa. A samu gyaɗa da aka niƙa ta yi laushi sumul, a ɗebi cokalin shayi 2, a dama da ruwan ɗumi da aka tafasa ko da nonon uwa ko a cikin kokonsa, har ta saki ba ta kama dasashi. A lakato kaɗan a bakin cokali a ba shi, a dakata kamar minti 10. In ba a ga komai ba a ba shi sauran a hankali, a ci gaba da lura da shi na awa biyu. Ranar kada a haɗa masa da wani sabon abinci, don in wani abu ya faru a san mai laifi. Abin da iyaye suka fi sakaci da shi yana gaba: in ya karɓa, sai a ɗore. Ba a ɗanɗana sau ɗaya a ce an gama. Yaran gwajin Landan sau uku ko fiye a mako ake ba su. Jikin da ya ga abinci sau ɗaya sannan aka ɗauke masa na watanni yana iya juya masa baya.

Kashedi biyu kan gyaɗa. Ƙwayarta ba ta yaro ba ce sai ya shekara 5, haka ma gutsuren ƙuliƙuli mai tauri da ƙwallon yazawa. Na ga yaran da aka yi ta yi wa maganin tari mako da makonni, ashe rabin gyaɗa ce ta sarƙe ta gangara huhu, sai da aka sa na'ura aka ciro. Yayyen yaro ne sukan ba shi cikin wasa, don haka a ja musu kunne. Na biyu, gyaɗar da ta sha danshi ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta da tauye girma, kuma wuta ba ta kashe ta. Ki zauna ki tsince da hannunki, ki zubar da ta motse, da mai baƙi, da mai ɗaci. Ta yaro gara ki soya ki niƙa da kanki a kan ki sayi wadda ba ki ga ƙwayarta ba.

Yanzu ƙwai, kuma a nan da ku nake, 'yan'uwana kakanni. Dukkanmu mun tashi muna jin cewa yaron da ake ba ƙwai ɓarawo zai zama. Na san inda maganar ta fito. Ƙwai kaza ce ta gobe, kazar kuma ita ce kuɗin magani da na sabulu, sai aka nemi abin da zai kawar da idon yara daga akurki. Amma sata tarbiyya ce ke hana ta, kuma ban taɓa ganin yaron da gwaiduwa ta lalata wa hali ba. Waɗanda rashinta ya bari da jan gashi da kumburarrun ƙafafu kuwa na gan su da yawa, na yi musu wanka da hannuna. Ƙwai yana cikin abinci mafi gina jiki da talaka zai iya samu a tsakar gidansa. Game da borin jini kuma, a Japan an yi gwaji kan jarirai masu ciwon fata, aka fitar da shi a 2017. An fara ba wasu ɗan garin dafaffen ƙwai kaɗan-kaɗan kullum tun daga wata 6, ana kuma yi wa fatarsu magani sosai. Da suka shekara, 8 cikin 100 ne ƙwai ya ƙi karɓa, a ɗaya ɓangaren da ba a ba su ba kuwa 38 cikin 100. A dafa shi ya dahu tsaf, farin da gwaiduwar duka, a murƙushe a cikin koko ko faten dankali, a fara da kaɗan. Ɗanyen ƙwai da ake fasawa a madara wai don ƙarin jini, wannan kada ya kusanci bakin jariri. Gwaje-gwajen da aka yi da ɗanye sun tayar wa jarirai da yawa, ga kuma ƙwayar cutar da yake iya ɗaukowa.

Kifi a dafa a tsince ƙaya tas a marmasa. Riɗi a niƙa. Awara a murƙushe mai laushinta. Alkama tana shiga ta kunu ko ɗan burodi da aka jiƙa. Waɗannan ba su da wani dogon bayani, hanyar ɗaya ce.

Maganar fata ita ce wadda mutane ba su sani ba, ita ce kuma nake so ku riƙe. Jiki yana karɓar abinci kamar yadda maigida ke karɓar mutum: wanda ya zo ta zaure ya yi sallama baƙo ne, a shimfiɗa masa tabarma, wanda kuwa aka fara gani yana haurowa ta tsagar katanga, ko daga baya ya zagayo ta ƙofa, an riga an shaida fuskarsa. Abincin da ya fara shiga ta baki, hanji yakan koya wa garkuwar jiki ta saba da shi. Wanda ya fara shiga ta tsagaggiyar fata, garkuwar takan ɗauke shi abokin gaba. Tun a 2003 wani bincike a Ingila ya nuna cewa yaran da aka shafa wa mayuka masu man gyaɗa a kan ƙurajensu sun fi kamuwa da rashin jituwa da gyaɗa. Ku dubi gidajenmu da wannan ido. Mace tana tuyar ƙuliƙuli, tana matse tunkuza, hannunta sharkaf da mai, goyonta ya yi kuka ta sauko da shi ta share masa fuska da hannun nan. Kaka ta gama cin gyaɗa ta ɗauki jika tana murza masa kumatu. In fatar yaron lafiyayya ce kuma yana cin gyaɗar, babu damuwa. In kuwa fatar a tsage take, kuma an hana bakinsa, to an haɗa masa abu biyu mafi muni a lokaci guda.

Saboda haka a wanke hannu da sabulu kafin a shafa wa jariri mai, kuma kada a shafa masa man gyaɗa ko man riɗi, musamman na gida da ba a tace ba. Yaro mai busasshiyar fata a rage masa zafin ruwan wanka, a bar dirza shi da soso, a bar sabulu mai ƙamshi da mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar ɗiga masa ruwan magani a baho. Ana fito da shi a tsane jikin da tattausan zani, a shafa basilin marar turare tun fatar da sauran laima. In ja da ƙaiƙayin sun ƙi lafawa, asibiti za a je a rubuta maganin shafawa da ya dace da jariri, a yi amfani da shi yadda aka ce ba tare da tsoro ba. Mayukan haɗe-haɗe da ake saya a kemis ba takarda, da na masu sa fata haske da wasu ke shafa wa jarirai, suna sirantar da fatar su ƙara buɗe ta. Wannan na ƙarshe ina roƙon ku don Allah ku bari.

Madara tana da nata zance, kuma tun ranar haihuwa yake farawa. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, a ce ba shi da kyau, a riƙa ba jariri madarar gwangwani ko nonon akuya kafin farin nono ya zo. Dakashin nan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro, kuma ɗan kaɗan ɗin da ke fitowa ya ishi cikinsa. Masana wannan ciwo na Turai, a ƙa'idarsu ta 2021, sun ba da shawarar kada a ƙara wa jaririn da ke shan nono madarar gwangwani a makon farko in ba da dalilin likita ba. A ba shi kwana biyu, a ɗauke, sai bayan watanni a dawo da ita, wannan tsari ne da aka ga yana tayar da rashin jituwa da madara. Uwar da rashin lafiya ko rashin nono ya tilasta wa ba da ta gwangwani ba ta yi laifin komai ba, ta ci gaba da bayarwa bisa shawarar ma'aikatan lafiya. Bayan wata 6 ana iya sa ɗan kindirmo mai tsabta, wanda aka dafa madararsa, a cikin abincin yaro, amma madarar shanu ba ta zama abin shansa na yau da kullum sai ya shekara. Yaron da ta shanu ta ƙi karɓa, ta akuya ma ba mafita ba ce, sinadarinsu kusan ɗaya ne. Zuma kuma, duk da albarkarta, a bari sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjin jariri bai isa ya yaƙa ba, ta shanye masa jiki.

Ke kuma mai ciki da mai shayarwa, ci gyaɗarki, ci ƙwai, ci kifi, sha furarki da nono. Ƙaurace musu ba ya kare ɗanki daga komai, ke yake ragewa ƙarfi.

Duk da wannan ƙoƙari, wani yaron zai kamu, don rigakafi ragewa yake yi. To a san alamun haɗari. Akwai wani yaro da aka taɓa kawo mana da daddare, bai fi shekara ɗaya da rabi ba, a kafaɗar mahaifinsa. An ba shi soyayyen ƙwai a teburin mai shayi, karo na farko a rayuwarsa. Leɓensa ya yi suntum, kukansa ya dishe kamar na wanda ya kwana yana ihu, in ya ja numfashi sai ka ji fito, ramin wuyansa yana lotsawa. Gaban rigarsa duk manja, don an tsaya a gida ana ɗura masa wai ya kashe dafi, har ya shaƙe da shi. Aka yi masa allurar adirenalin a cinya, cikin 'yan mintoci fiton ya fara sauka, uwar ta zube a ƙasa tana hamdala. Da sun ƙara jinkiri kaɗan da wani labarin ake yi. Abin da nake so ku ɗauka shi ne: in bayan cin abinci murya ta dishe, ko numfashi ya yi wuya, ko harshe ya kumbura, ko tari ya ƙi tsayawa, ko yaro ya yi fari fat ya saki jiki, ba lokacin manja ba ne, ba na madara ko rubutu ko sa yatsa a maƙogwaro ba. A ɗauke shi a kwance, in numfashi ya fi sauƙi a zaune a riƙe shi a zaune, kada a tsayar da shi kan ƙafafunsa, a nufi asibiti mafi kusa ana addu'a a hanya. Da isa a faɗi abin da ya ci da lokacin da ya ci. Piriton yana rage ƙaiƙayi da rudu-rudu, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ke rufewa. In an yi allura ya warware, kada a yi gaggawar tafiya gida, abin yakan dawo bayan wasu awoyi.

In kuwa alamun masu sauƙi ne, 'yan ƙuraje ko ɗan kumburin ido kuma yaro yana wasansa, a dakatar da wannan abincin guda, a kai shi a duba, kada a sake gwadawa a gida. Sauran abincin da yake ci lafiya a ci gaba da ba shi. Na ga iyayen da ƙwai ya tayar wa ɗansu, tsoro ya sa suka janye kifi da gyaɗa da wake gaba ɗaya, yaro ya koma koko da shayi. Jan da ke fitowa a gefen baki kaɗai bayan tumatir ko lemu, yawanci tsamin ne ya taɓa fata, ya wuce da kansa. Gwajin jini ma ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. A Ghana an gwada 'yan makaranta, aka buga a 2013: kusan 17 cikin 100 jininsu ya nuna alamar rashin jituwa da gyaɗa, amma waɗanda gwajin fata ya nuna ba su wuce 2 cikin 100 ba, akasarin sauran suna cin gyaɗarsu lafiya. Masu binciken sun danganta wannan ruɗani da tsargiya, cutar da yaranmu masu wanka a kududdufi da madatsun ruwa suka sani sarai. Don haka takardar gwaji ba ta isa a hana yaro abincin da yake ci ba tare da matsala ba. Wanda aka tabbatar yana da ciwon kuma, iyaye su kwantar da hankali: na madara da na ƙwai yara da yawa suna rabuwa da shi in sun tasa. Na gyaɗa ya fi naci, kusan 1 cikin 5 ne ke warkewa, shi ya sa na fi matsa muku a kanta. Irin wannan yaro a sanar da kowa, kaka da maƙwabta da malaman makaranta da na Islamiyya, kuma kada wani ya ce bari a ba shi kaɗan a ɓoye don ya saba.

Ku kuma iyaye maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. Ku ne masu cefane, ku ne kuma masu babur in dare ya yi. In ɗanku ya cika wata 6, ku shigo da ƙwai da gyaɗa mai kyau da ɗan kifi da sunansa, ku tsaya wa matanku in an ce musu al'ada ta hana. Ranar da za a kai shi allurar rigakafi ku ce a duba fatarsa, ku kuma tambayi ma'aikatan wane asibiti ne kusa da ku yake ajiye adirenalin kuma yake buɗe da dare, ku riƙe sunansa tun kafin bukata ta taso. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.